Yadda ɗakin karɓar kiran gaggawa na Landan ya faro ya kuma bunƙasa

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga malamai da masana game da tarihin hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin Landan, musamman ɗakin da ake karɓar kira a tura mota. Sau da yawa ana cewa 999 ita ce lambar gaggawa ta farko a duniya, amma ba a cika bayyana dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta ba, balle yadda aikin ya girma har ya kai matsayin da yake a yau. Na kuma ji ana yawan ambaton shekarar 1992 a matsayin shekarar da tsarin ya durƙushe. Me ya faru a lokacin, kuma yaya aka yi aka farfaɗo? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Waya ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Gobara ce ta haifi lambar 999. A watan Nuwamba na 1935 wuta ta tashi a wani gida da ke titin Wimpole a tsakiyar Landan, mata biyar suka rasu. A zamanin, duk mai neman 'yan kwana-kwana sai ya bi ta hannun ma'aikaciyar da ke haɗa layi a gidan waya, ita kuwa ba ta da hanyar bambanta kiran mai neman ceto da kiran mai son gaisawa da ɗan'uwansa, domin duka fitila iri ɗaya suke kunnawa a gabanta. Wani maƙwabcin gidan da ya yi ta kira ba a ɗauka ba ya rubuta wasiƙar ƙorafi ga jaridar The Times, maganar ta kai ga gwamnati, aka kafa kwamitin bincike.

Ranar 30 ga Yuni, 1937 aka fara amfani da lambar, kuma da farko mil 12 kawai ta kewaye daga dandalin Oxford Circus. Ba don daɗin faɗa aka zaɓi tara uku ba. Wayar lokacin ta juyawa ce da yatsa, kuma ramin tara yana kusa da ƙarfen da ke tsayar da yatsa, saboda haka ko cikin duhu ko hayaƙi mutum zai iya laluba shi. An guje wa 111 ne domin idan iska ta haɗa wayoyin da ke kan turaku, suna iya buga lambar da kansu. Idan kira ya shigo, jar fitila ce ke kamawa, ƙaho mai ƙara kuma ya ɗauka, har ma'aikata suka riƙa kukan cewa ƙarar tana firgita su. Birnin Glasgow ya biyo baya a 1938, amma sai a 1976 lambar ta game Birtaniya baki ɗaya, kusan shekara 40 ke nan.

Ki lura da abu guda, lambar ba ta tura mota da kanta. Har yau ma'aikacin kamfanin waya ne ke fara ɗauka, ya tambayi wace hukuma ake nema, sannan ya miƙa kiran ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko masu motar asibiti.

Injiniyan Manhaja ya amsa:

Baba ya warware asalin lambar, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ɗora daga inda ya tsaya, domin ainihin wahalar aikin tana bayan an miƙa kiran ne.

Hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan kamar yadda aka san ta yanzu ta samu ne a 1965, lokacin da aka faɗaɗa iyakar mulkin Landan aka haɗe hukumomi tara wuri guda, sannan a 1974 aka mayar da ita ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS. Har farkon shekarun 1990 da takarda da biro ake aiki a ɗakin karɓar kira da ke unguwar Waterloo. Mai karɓar kira zai cike fom, ya duba littafin taswira ya rubuta lambar gurbin da abin ya faru, ya ɗora takardar a kan bel mai tafiya, ta isa ga mai rabon motoci na shiyyar, shi kuma ya duba wace mota ce ba ta kan aiki, sannan a kira tashar ta waya ko a nemi direban ta rediyon oba-oba. Ƙa'ida ita ce a gama duk wannan cikin minti uku. Tsarin yana da jinkiri, takarda takan ɓata, amma masu rabon sun san garin kamar tafin hannunsu, sun san titin da ke cushewa da yamma da tashar da ke da ƙarancin ma'aikata.

Shugabanni suka yanke shawarar miƙa wa kwamfuta aikin gaba ɗaya, har da zaɓen motar da za ta tafi. An ba da kwangilar ga waɗanda suka yi tayi mafi araha, ƙasa da fam miliyan 1, kuma kamfanin da aka ɗora wa rubuta manhajar ƙarami ne da bai taɓa gina irin wannan tsari ba. Ranar 26 ga Oktoba, 1992 aka janye takarda aka sakar wa na'ura ragama a duk faɗin birnin. Kwamfutar ta dogara ne ga sanin inda kowace mota take da halin da take ciki, amma saƙon rediyo yakan yanke a wasu unguwanni, wasu ma'aikatan kuma ba su danna maɓallin da ya dace ba ko sun ɗauki wata motar da ba ita aka ba su ba. Da bayanan suka gurɓata, sai aka riƙa tura mota biyu wuri ɗaya, wani wurin kuma ba a tura ko ɗaya ba, saƙonnin gargaɗi suka cika allo har na farko suna shigewa ba a karanta ba. Waɗanda suka gaji da jira suka sake kira, layi ya ƙara cushewa, wasu suka shafe sa'o'i suna jiran mota. Shugaban hukumar, John Wilby, ya yi murabus cikin kwanaki kaɗan, kuma ranar 4 ga Nuwamba tsarin ya tsaya cik saboda wani kuskure a manhajar da ke cinye ma'adanar kwamfutar sannu a hankali, dole aka koma takarda.

A ganina gaggawa da neman araha ne suka jawo abin. Tsarin da ya maye gurbinsa a 1996 ya yi nasara ne domin daki-daki aka shigo da shi, aka fara da karɓar kira da gano adireshi, aka bar wa mutum hukuncin zaɓen mota.

Ma'aikaciyar Asibiti Mazauniyar Landan ta amsa:

Malam Injiniya, na yarda da bayaninka, sai dai ina ganin ka sassauta wa shugabannin ta wani ɓangare. Rahoton binciken da ya fito a Fabrairun 1993 bai tsaya ga manhaja ba, ya yi magana a kan rashin isasshen horo da rashin yarda tsakanin ma'aikata da manyansu. Kada a manta cewa daga 1989 zuwa 1990 an yi doguwar takaddamar albashi da ma'aikatan motocin asibiti, har sai da sojoji da 'yan sanda suka riƙa ɗaukar marasa lafiya. Mutumin da yake ganin an kawo na'ura ne don a sa masa ido ba zai rungume ta ba.

Kuma matsalar ba ta ƙare a 1992 ba. A Yunin 2011 an kunna wani sabon tsari, ya gaza a ranar farko, sai a shekarar da ta biyo baya aka dawo da shi. A daren shiga shekarar 2017, daren da ya fi kowane cunkoson kira, kwamfutocin sun sake ɗaukewa na sa'o'i, ma'aikata suka koma rubutu da hannu.

Ƙanwata mai tambaya, tunda jinya kike karantawa, ci gaban da ya fi shafarki shi ne tantance kira. Mai ɗaukar waya yana fara tambaya ne ko maras lafiyar yana numfashi, ko yana cikin hayyacinsa, daga amsar kuma a sa shi a rukuni. Tun 2017 rukuni huɗu ne a Ingila: na farko, irin wanda zuciyarsa ta tsaya, ana son a isa gare shi cikin minti 7 a matsakaici, na biyu kamar shanyewar ɓarin jiki cikin minti 18, kodayake a lokacin hunturu ana yawan zarce wannan ƙa'ida ta biyu ƙwarai. Kafin motar ta iso, mai karɓar kiran yana koya wa na kusa yadda zai danna ƙirji, yana ƙirga masa ta waya. Wasu kiran kuma ba a tura mota sam, ma'aikacin lafiya ne zai kira ya ba da shawara ko ya tura mutum inda ya dace.

Ɗalibar Jinya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Malam da Anti. Shin lambar 112 da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta gina wa cibiyoyi a jihohi irin wannan aikin take yi?

Injiniyan Manhaja ya amsa:

Ta fi kama da matakin farko da Baba ya bayyana, wato a ɗauki kira a miƙa shi ga 'yan sanda, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko 'yan kwana-kwana, ko masu motar asibiti. Rabon motoci da bibiyar inda suke aikin hukumar da aka miƙa wa ne, kuma a nan adireshi yake zama babban cikas. A Landan lambar gida da ta unguwa suna fito da ƙofar mutum a kan allo, wayoyin zamani ma suna aika wurin da mai kira yake da kansu, alhali a yawancin unguwanninmu sai an yi kwatance da masallacin Juma'a ko gidan mai, direba yana tafe yana sake kira yana tambayar inda zai karya kwana.