An yi allura biyu, me ya sa korona ke kama ma'aikatan asibiti?

Sista_Jinya: Salamu alaikum. Ana ta ganin ma'aikatan lafiya da suka yi allurar korona biyu suna kamuwa. Allurar ce ba ta aiki? Kuma gwajin antibodi, wato sinadaran garkuwa da jiki ke samarwa don yaƙar cuta, zai nuna wanda ke da kariya?

Likitan_Ƙirji: Wa alaikumus salam, Sista. Asibitin Sheba na Isra'ila ya bi diddigin wannan a 2021. Cikin ma'aikata 1,497 masu allurar Pfizer biyu da aka yi wa gwajin PCR (gwajin lab mai gano ƙwayar cutar), 39 aka samu da cutar, galibi nau'in Alfa. Jinin da aka ɗiba dab da kamuwarsu ya nuna antibodin da ke tare ƙwayar cutar bai kai na abokan aikinsu da ba su kamu ba. Babu wanda aka kwantar, wasu ma ko alama babu. Sai dai kashi 19 cikin 100 na waɗanda suka kamu sun haura mako 6 suna fama da tari, kasala ko rashin jin ƙamshi.

Allurar dantse jini take cikawa da antibodi, kaɗan ne ke isa hanci da maƙogwaro, alhali nan ce ƙofar cutar. Yawansa kuma yana raguwa bayan watanni. Ƙwayoyin garkuwa masu tuna cuta sai sun ɗauki kwanaki kafin su tashi, to huhu suke cetowa, ba kamuwa suke hanawa ba.

Malam_na_Lab: Dakta ya gama magana. Batun gwajin kuwa, Sista, kada ki dogara da shi. Korona ba ta da adadin da aka amince cewa wanda ya kai shi ya tsira. Kuma gwajin iri biyu ne: mai neman antibodin furotin S da mai neman na furotin N, duka biyun sassan ƙwayar cutar ne. Pfizer da AstraZeneca na S kaɗai suke haifarwa, in aka yi kuskure aka gwada N sai sakamako ya ce babu komai.

Inda adadi ke aiki shi ne ciwon hanta nau'in B. Allura uku: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. A auna anti-HBs, wato antibodin cutar, wata 1 zuwa 2 bayan ta ƙarshe. In ya kai 10 mIU/mL, shi ke nan. In bai kai ba, a duba HBsAg (alamar ƙwayar cutar a jini) tukuna, don wataƙila mutum na ɗauke da cutar tun tuni, in babu, sannan a maimaita ukun.

Sista_Jinya: To mai allura da ya tashi da mura fa?

Likitan_Ƙirji: Ya sa takunkumi, ya nisanci majinyata, a yi masa PCR. Gwajin gaggawa bai gano cutar a jikin da dama cikin waɗanda suka kamu a Sheba ba.