Mi ya haɗa kaɗaita da addu'a da buɗe hannu?

Dan_Bukoki:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ran lahadi fastonmu nan Yamai ya ce wai wanda bai saba zama shi kaɗai gaban Ubangiji ba, hannunshi ba ya saurin buɗewa. Ni dai maganar ba ta shige ni ba, don a ganina mai kyauta cikin jama'a yake, shi ke jin wane ba lafiya, wance an koro ta daga gidan haya. To ina ruwan rufe ƙofa da bayarwa?

Maman Rahila, Tawa:
Ɗana buɗe Matiyu sura 6 ka bi ta a hankali. Aya 3 maganar sadaka ce, kada hagu ta san abin da dama ke yi, aya 6 ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka yi addu'a, can aya 16 zuwa 18 kuma azumi, duka ukun magana guda Yesu ke maimaitawa, Ubanka mai gani a ɓoye. Wanda ya saba yin magana da Allah inda ba mai ganinshi, ba ya jiran a kira sunanshi kafin ya ba da. Ai muna gani ran baikon godiya bayan girbi, mutum ya aje jikka goma ana tafi ana guɗa, amma maƙwabciya ta zo neman tiya guda ta gero da dare ya ce a dawo gobe.

Ibro_Wadata:
Inna gaskiyarki, amma akwai masu fakewa da addu'ar fa. Ka je da matsala a ce maka "zan sa ka a addu'a", shi ke nan an sallame ka. Yakubu 2:15-16 da su yake, ka ce wa mai yunwa ya sauka lafiya ba ka ba shi komi ba.

Malamin Lahadi:
Ibro wannan ba kaɗaita ba ce, gudun mutane ne. Duba Markus 6 daga aya 31, Yesu ya ce wa almajirai su zo wurin da ba kowa su huta don ko abinci ba su samu sukunin ci ba, taro ya riga su isa can, bai ce an dame shi ba, tausayi ya kama shi, a wurin nan ne aka ciyar da maza 5,000. Antoni na Masar ma, wani Kirista na zamanin da mai zaman kaɗaita, wanda ya rasu a shekara ta 356, sai da ya rabar da gonakin gadonshi ya ba matalauta kuɗi sannan ya shiga hamada, kuma mutane ba su daina binshi can da damuwarsu ba. Ni abin da na lura, in ka yi shiru na gaske sunayen mutane ke faɗo maka a rai, wanda ka wuce da safe ba ka gaida ba, gwauruwar da aka daina gani a sujada. In addu'arka ba ta taɓa tuna maka kowa ba sai kanka, to ka bincike ta.

Dan_Bukoki:
Na ji Malam. Sai dai ɗaki guda gare mu, yara, rediyon maƙwabta, ga zafin Yamai, wace ƙofa zan rufe?

Maman Rahila, Tawa:
Markus 1:35, da asuba tun da sauran duhu ya fita. Ka tashi kafin gida ya motsa, ka ja tabarma tsakar gida, wayar nan ka bar ta a ɗaki. Ko minti goma ne ya isa ka fara.