Takardun neman aiki na bogi: manhaja ta zubar, ko sai mutum ya duba?

Binta: Salamu alaikum. Zan faɗi abin da na san wasunku ba za su so ji ba. Duk takardar neman aikin da manhaja ta gano inji ne ya turo ta, a zubar da ita nan take, ba sai ta iso gaban mutum ba. Ɗaukar ma'aikata ne aikina. Gurbi ɗaya za a tallata, kafin gari ya waye akwati ya cika maƙil, wata wasiƙar ma sunan wani kamfani daban ne a kanta. A 2025 jaridar New York Times ta ruwaito cewa a shafin neman aiki na LinkedIn kaɗai ana tura takardu kimanin 11,000 a kowane minti. Wa ke da idon karanta wannan?

Aliyu: Wa alaikumus salam. Hajiya, a yi mini afuwa, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Su wa suka kawo maɓallin nan da ake dannawa sau ɗaya takarda ta tafi? Ba mu ba ne. Mai neman aiki zai zauna ya tsara wasiƙa tsaf, ya tura, ko "mun gani" ba za a ce masa ba. Kun sa inji yana korar mu, mu ma muka sa inji yana tura mana. Yanzu kuma mu ne masu shara?

Binta: Ƙanena, ban ce kai shara ba ne. Takardar da mai ita bai ma san ya nemi aikin ba nake nufi. Ka kira shi a waya, ya ce wane kamfani ne kuma?

Sani: Ku bari in shigo, don irin manhajar nan nake haɗawa. Hajiya, kalmar "gano" ɗin nan da kika faɗa, a nan gizo ke saƙar. Akwai abin da manhaja ke ganewa da tabbaci, akwai wanda zato kawai take yi. Misali, muna saka wani gurbi a cikin fom wanda idon mutum ba ya gani a allo. Mutum zai cike sunansa da lambarsa ya wuce. Inji kuwa rubutun da ke ƙarƙashin shafin yake karantawa, yana ganin gurbi sai ya cusa masa wani abu, shi ke nan ya tona kansa. Muna kuma duba lokaci: fom mai shafi uku, da tambayoyin da sai an yi rubutu, a ce an gama shi kafin ƙiftawar ido. Sai lambar waya ɗaya ƙarƙashin sunaye daban-daban, ko takardar tarihin aiki iri ɗaya sak, suna kawai aka sauya, ko imel ɗin wucin gadi da ke mutuwa bayan 'yan mintuna. Idan uku daga cikin waɗannan suka haɗu a kan takarda ɗaya, ni ma ba na jin tausayinta.

Aliyu: To wanda burauzarsa, wato manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita, ke cike masa fom da kanta fa?

Sani: Ka taɓo inda yake mana ciwo. Wani lokaci takan cike ɓoyayyen gurbin ma. Haka makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo, idan ba a tsara gurbin da kyau ba za a karanto masa shi, ya cike da zuciya ɗaya. Adireshin intanet, wato lambar da ke nuna daga inda takarda ta fito, ma ba hujja ba ne shi kaɗai: kamfanonin waya sukan ɗora dubban mutane a kan adireshi ɗaya, haka ɗaliban jami'a guda. Shi ya sa alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba.

Kabiru: Ni a tsaron kwamfuta nake, kuma ina tare da Hajiya, har na fi ta zafi. Ku kuna maganar ɓata lokaci, ni ina maganar ɓarayi. A watan Yulin 2024 kamfanin KnowBe4 na Amurka, wanda sana'arsa ma koyar da tsaron intanet ce, ya fito ya faɗa da bakinsa cewa ya ɗauki wani ɗan Koriya ta Arewa aiki bai sani ba. Mutumin ya yi amfani da bayanan wani Ba'amurke da aka sata, da hoton da aka gyara da ƙirƙirarriyar basira, ya tsallake ganawar bidiyo har huɗu. Kwamfutar aiki na isa hannunsa ta fara loda manhajar kutse. Tun 2022 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗin masu shiga ganawar aiki da fuska da murya na jabu. Akwai kuma masu turo wa jami'in ɗaukar aiki mahaɗin intanet su ce takardarsu na ciki, yana dannawa cuta ta shige kwamfutar kamfani. Irin wannan a ce sai mutum ya buɗe ya duba? Buɗewar ai ita suke jira.

Hadiza: Yaya Kabiru, misalinka ya karya hujjarka. Mutumin KnowBe4 takardarsa tsaf take, babu matatar shara da za ta tsayar da ita. Ƙwararren ɗan damfara shi ya fi kowa iya cike fom a natse. Wanda matata ke kamawa galibi mai gaggawa ne ko mai ƙaramin sani. Ni lauya ce, bari in ba ku abin da ya je gaban hukuma. A 2023 kamfanin iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 bayan hukumar daidaito wajen ɗaukar aiki ta Amurka ta kai shi ƙara. An saita manhajarsa ta riƙa watsi da mata 'yan shekara 55 zuwa sama, da maza 'yan 60 zuwa sama, mutum fiye da 200. Kun san yadda asirin ya tonu? Wata mata ce aka ƙi ta, ta sake tura takarda iri ɗaya da ranar haihuwa ta mai ƙarancin shekaru, sai ga gayyatar ganawa. Malam Sani, a tsarinka wannan matar me take?

Sani: Takarda biyu iri ɗaya, bayani ya saɓa. Gaskiya da ta faɗa cikin waɗanda ake zargi.

Binta: Barista, kin haɗa abu biyu. Wancan wariya ce da gangan, ko kuma manhajar da ke auna cancanta, irin ta Amazon da aka jingine bayan an ga tana rage wa mata maki. Ni shara nake magana.

Hadiza: A takarda abu biyu ne, Hajiya. A cikin manhaja iyakarsu ba ta fita. Dubi masu sayar da abin da suke cewa yana gane rubutun ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fitar da irin wannan, ya janye shi a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. A shekarar ce masu bincike a jami'ar Stanford suka gwada irin manhajojin nan da rubutun jarrabawar waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, aka ce fiye da rabi inji ne ya rubuta, alhali mutane ne. Wanda ya koyi harshe a aji jimlolinsa kan fito a miƙe, da kalmomin da aka saba. Idan kika ce duk abin da aka yi wa alamar inji a zubar, su wa kika zubar? Birnin New York tun 2023 ya wajabta a riƙa binciken son kai a manhajojin yanke hukuncin ɗaukar aiki duk shekara, a kuma sanar da masu nema. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta sa irin waɗannan manhajoji cikin masu babban haɗari.

Aliyu: Kuma don Allah, in na sa ChatGPT ya gyara mini wasiƙa, ƙarya na yi? Karatun nawa ne, aikin da na lissafa ni na yi shi.

Kabiru: Kai ba ka yi ba. Amma masu ɓoye rubutu da farin launi a kan farar takarda fa? Su kwafe tallan aikin gaba ɗaya su liƙa a ƙasa, wasu har da umarni ga injin cewa ya ce wannan shi ne gwani.

Sani: Wannan kam sauƙin kamawa gare shi, don manhaja na cire launi ta bar rubutu tsirara, sai ka ga abin ya bayyana a ƙasan shafi. Shawarata, Hajiya, kada a goge komai. A yi akwati na gefe. Abin da ya tara alamomi ya faɗa can, fayilolinsa a kulle yadda ba za su iya cutar da kowa ba, kuma a rubuta dalilin da ya kai shi. Duk mako wani ya ɗebo kaɗan ba tare da zaɓe ba ya duba. In ana yawan samun mutanen kirki a ciki, matatar ce ta yi tsauri, a sassauta.

Binta: Wannan "wani" ɗin ni ce, Malam Sani, kuma ka san akwatin gefe ba a buɗe shi sai rigima ta taso. Na yarda kada salon rubutu ya kori kowa. Amma wanda lambarsa ɗaya da sunaye goma, ko ya turo fayil mai cuta, ba zan ajiye shi ko na kwana ɗaya ba.

Hadiza: Ajiye shi ko don kanki. Ranar da aka ce kin yi wariya, wannan rikodin ne zai fitar da ke.

Aliyu: Ni buƙatata ƙarama ce. In takardata ta faɗa akwatin, a turo mini saƙo in tabbatar ni mutum ne. Lambar tabbatarwa ta waya, ko tambaya ɗaya a kan aikin.

Sani: Saƙon tabbatarwa mai yiwuwa ne, ana ma yi. Dalilin ne ba za mu faɗa maka ba, don in muka ce ɓoyayyen gurbi ne ya kama ka, gobe masu injin sun gyara nasu.

Aliyu: To a turo saƙon ko babu dalili. Hajiya, wannan zai ƙara miki aiki?

Binta: In manhajar ce za ta tura, ta kuma mayar da wanda ya amsa cikin layi da kanta, ba ni da ja. Wanda bai amsa ba cikin mako guda kuwa, Barista, ko za ki kai ni kotu sai na goge shi.