Idan mai neman shawara ya yi gum, ya kuke yi?

Mai buɗe zance, Unguwar Rimi: Salamu alaikum. Ku da kuke zama da masu damuwa, in mutum ya yi shiru ana tsakiyar magana, jira kuke ko tambaya kuke ƙarawa? Binciken Beckman da Frankel a Amurka a 1984 ya nuna likita kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. Ina jin mu ma ba mu tsira ba.

Nas, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ni ɗakin gwajin ƙanjamau nake. Da na faɗi sakamako sai in ajiye biro, in rufe fayil. Wata ta daɗe tana murɗa bakin hijabinta, idonta a ƙasa, ban ce uffan ba. Can sai ta ce, "Sista, yaron da nake shayarwa fa?" Ashe hankalinta duk yana can. Da karatun magani na fara mata, ba abin da zai shiga kunnenta.

Malami mai sulhun aure, Rigasa: Hajiya, gaskiyarki, amma a yi hattara. Mun tashi muna jin shirun budurwa yarda ne, sai mu ɗauka kowane shiru haka yake. Matar da ba ta iya kiran sunan mijinta, ta yaya za ta kawo ƙararsa gaban surukinta? Wannan kunya ce, ko shekara za ka yi kana jira ba za ta buɗe baki ba. Nakan tura maza zaure, in sa dattijuwa ta zauna da ita.

Wani daga Kawo: Ni zama aka yi da ni. Lokacin ina fama da kodin, kafin a hana shi a 2018, kowa wa'azi yake mini. A asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, nan Kaduna, wani ya miƙo mini ruwan leda, ya zauna kawai. Na zaci tarko ne. Da na ga bai duba waya ba, bai kalli agogo ba, ni da kaina na kwance masa komai.

Nas, Tudun Wada: Allah ya ƙara shiryarwa, ƙanena. Ta waya dai shirun ba ya yi, sai a ɗauka sabis ya ɗauke, dole kana "ina jin ki". Kuma in mutum ya ce ya gaji da rayuwa, ba na jira. Kai tsaye nake tambayarsa ko yana tunanin kashe kansa, kuma ba na barin sa ya tafi shi kaɗai.