Neman taimako kafin gobe: me za mu kira fulotar tankin ruwa da Hausa?

Mai Shirin Asabar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gabatar da wani ɗan shirin rediyo na minti 15 duk Asabar a nan Birnin Kebbi, kan ƙananan gyare-gyaren gida da mutum zai iya yi da hannunsa ba sai ya kira mai gyara ba. Gobe da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi na wannan makon, a kan tankin da ke cika ya yi ta zuba har tsakar gida ta zama fadama. Inda na maƙale shi ne sunan abin nan na cikin tanki: ƙwallon roba a ƙarshen ɗan sandan tagulla, ruwa na hawa yana ɗaga shi, in tanki ya cika sai sandan ya danna wata 'yar roba ta toshe hanyar shigowar ruwa. Irinsa ne a cikin ɗan tankin masai na zamani. Masu gyaran famfo fulota suke cewa, wasu su ce bol bawul. Makon jiya da muka yi batun fanka na faɗi kafasita ya fi sau biyar, wani dattijo ya bugo waya daga Jega ya ce shi bai san an mayar da shirin na Turanci ba. Ba na so a sake. Don Allah a agaza kafin dare.

Uwar Biyu Gusau:
Wa alaikumus salam. Matoshin tanki mana. Toshewa ai shi ne aikinsa.

Fulamban Badariya:
Hajiya, in kika aiki yaro kasuwa ya ce a ba shi matoshin tanki, abin toshe ƙofar wanke tanki ta ƙasa za a miƙo masa. Wannan daban, wancan daban. Ni shekarata 19 ina wannan aiki, fulota na taras ana cewa, fulota nake cewa. Ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba in ta kira ni cewa take yi fulota ta mutu.

Malamin Hausa:
To ai matsalar ke nan, Malam mai gyara. Kun taras, kun ɗauka, kun miƙa wa 'ya'yanku, ba wanda ya tsaya ya tambayi ko harshen yana da hanyar haifar da nasa. Kuma yana da ita. Dubi hana-salla, dubi dafa-duka, dubi fasa-ƙwauri: aikatau da karɓau, a haɗa, suna ya fito. A kan wannan ƙa'ida nake ba da shawarar hana-ambaliya. Duk Bahaushen da ya ji ya san aikin abin tun kafin ya gan shi.

Ɗan Kabawa:
Allah gafarta Malam, kalmar ambaliya ba ta wasa ba ce a ƙasar ga. Waɗanda ruwa ya cinye wa shinkafa a fadama a 2020 suna nan suna sauraren rediyo. A ce musu ga hana-ambaliya ana saidawa a shagon kayan famfo? Za su ce ana yi musu ba'a.

Ni ga tawa. Wanga abu gora ne, ba wani abu ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada a Argungu ranar bukin kamun kifi ya ga masunta kwance bisa gora, homa a hannu, gora na ɗauke da su bisa ruwa. Ruwa ya ƙaru gora ya hau, ruwa ya ragu gora ya sauka. Mi ya raba shi da ƙwallon cikin tanki? Goran tanki. Tun 1934 ake bukin ga, duniya ta san shi, UNESCO ma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Kalmar na hannunmu muna neman ta wani wuri.

Mai Shirin Asabar:
Kai, goran tanki ya yi mini daɗi a baki. Ina iya cewa "in goran ya huje ya sha ruwa, sai ya nutse" kowa ya gane. Na gode Yaya.

Malamin Hausa:
Na janye ambaliya saboda dalilin da aka kawo, dalili ne mai ƙarfi. Amma ban janye tsarin ba. Hana-tumbatsa. Gora suna ne na ɓangare ɗaya kawai, wato ƙwallon. Ina sandan? Ina bakin da ke rufewa? Kun sa wa doki sunan wutsiyarsa.

Fulamban Badariya:
Malam, a nan kam kana da gaskiya rabi. Bari in faɗi yadda abin yake lalacewa, sai ku ga ko sunan zai ɗauka, don ni abin da ke gabana shi ne kada mai sauraro ya hau tanki ya kwance abin da lafiyarsa ƙalau.

In tanki na zuba, fara rufe get bawul, wato makunnin buɗe ruwa da rufe shi, na bututun da ke kawo ruwa. Ka buɗe murfi ka kama sandan ka ɗaga shi sama da hannu, wani ya buɗe maka ruwan. In ruwa ya tsaya cak, to bakin lafiya lau, laifin ƙwallon ne ko sandan. Kwance ƙwallon, murɗawa ake yi, ka girgiza shi kusa da kunne. Ka ji cakal-cakal, ya huje, ruwa ya shiga, ba zai ƙara tashi yadda ya kamata ba, sai sabo. In ba ka ji komai ba, sandan ne ya miƙe da yawa, ka lanƙwasa shi ƙasa kaɗan don ya rufe da wuri, amma na tagulla kawai, na roba karyewa yake. In kuwa ka ɗaga sandan har ƙarshe ruwa na ci gaba da tsiyaya, to matsalar na cikin bakin. Ka zare ɗan fil ɗin da ya riƙe sandan da filaya, ka fito da abin da ke ciki. Yawanci yashi ne ya maƙale, musamman gidan da ke shan ruwan bohol, ko 'yar robar ta cinye. Na sha yanka tsohon tiyub ɗin babur in yi mata madadi, ya riƙe wata da watanni.

To ka gani, wuri uku ne. In aka ce wa dukkansu gora, yaya za ta bambance a rediyo?

Ɗan Kabawa:
Sauƙi gare shi. Gora, sandan gora, bakin gora. Hana-tumbatsa fa? Sandan hana-tumbatsa? Kafin ta gama faɗi minti 15 sun ƙare.

Uwar Biyu Gusau:
Wallahi na yi dariya. Ni dai abin da ya same ni bara ya isa darasi. Maigida ba ya gari, tanki na zuba cikin dare, na kwatanta wa babban ɗana abin da kyau, na ce ƙwallo ne na roba mai sanda. Yaro ya tafi kasuwa ya dawo mini da abin zuƙe masai in ya toshe. Da kuɗina. Don haka ko me za ku sa masa, a faɗa wa mutane sunan da mai shago ya sani.

Baba Mai Ritaya:
Ɗiyata mai shiri, sannu da ƙoƙari. Ni tambayata ga Malamin Hausa take. Hana-tumbatsar me? Ta tanki. Tanki Hausa ce? Famfon da muke ta faɗa daga ina ya zo? Bokiti fa? Littafin da kake koyarwa da shi da allon da kake rubutu a kai daga Larabci suke, ashana daga Yarbanci. Ba wanda ya ce Hausa ta mutu don ta ara. Ta haɗiye su ta yi ƙiba.

Malamin Hausa:
Baba, ranka ya daɗe, ban ce aro haramun ba ne. Na ce a ara in an rasa. Littafi ya shigo ya sa rigar Hausa, ya yi jam'i littattafai kamar ɗan gida. Fulota fa, mene ne jam'inta? Fulotoci? Kuma dalilin da ya sa aka kafa Hukumar Hausa a shekarun 1950 ke nan, don a riƙa tace irin waɗannan kalmomi. Yau kowa da shagonsa, kowa da ƙamusunsa.

Fulamban Badariya:
Fulotoci mana. Jiya ma na sayo fulotoci uku, biyu masu rabin inci, ɗaya mai inci guda. Ban ji harshena ya karye ba.

Bakano A Kebbi:
Ku yi haƙuri in sa baki. In ma gorar za a ɗauka, gorar tanki za a ce, ba goran tanki ba. Gorar ruwa muke cewa. A rediyo daidaitacciyar Hausa ake so, ba ta ƙauye ba.

Ɗan Kabawa:
Ta ƙauye? Gorar da kake nufi ta roba ce da anka cika da ruwan sayarwa jiya-jiya. Goran duma namiji ne tun kakanni, goran nono, goran ruwa, jam'i goruna. Gora mace ita ce sanda. Ka tambayi Malam in ƙarya nike.

Malamin Hausa:
A nan Ɗan Kabawa ya fi ka gaskiya, Malam Bakano. Kalmomi biyu ne, karin sautinsu ma ya bambanta, rubutun boko ne ya haɗe su don ba ma sa alamar sauti. Na duma namiji ne. Wannan bai sa na yarda da sunan ba, nahawun kawai na gyara.

Bakano A Kebbi:
To shi ke nan, na ji. Amma dai a tuna Hausar Kano aka ɗauka aka gina daidaitacciya a kai. Kabi da Zamfara ai a banza bakwai aka lissafa ku, wasa nake yi kafin a cinye ni.

Ɗan Kabawa:
Wasan ga ya tsufa. Ka zo in kai ka Surame ka ga ganuwar dutsen da Kanta ya gina tun ƙarni na 16, lokacin da Kabi ta tsaya ta ce wa Songhai a'a. Sannan ka dawo mu yi maganar wa ke banza. Shinkafarmu kake ci, kifinmu kake ci, ka kuma ce Hausarmu ta ƙauye ce.

Uwar Biyu Gusau:
Mu Zamfarawa ma an taɓo mu, amma ina da girki a wuta. Ku dai bar yarinyar mutane ta samu abin da ta zo nema.

Mai Shirin Asabar:
Don girman Allah a dawo kan tanki. Ƙarfe 9 ta wuce, ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Injiniyan Bohol:
Yanzu na shigo, na karanta daga sama. Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma ya fi sunan muhimmanci. Abubuwa biyu ne ake kira fulota a kasuwa. Na farko shi ne wanda kuke magana, mai toshe bututu. Ya dace da tankin da ruwan gwamnati ke shiga, ko ƙaramin tankin da babba ke zuba wa, ko masai. Na biyu ba ya toshe komai, makunnin wuta ne a cikin 'yar robar da ke yawo a kan ruwa da wayarta, in tanki ya cika ta juya sai ta yanke wa injin tura ruwa wuta. Gidan da sumo, wato injin da ake zurawa cikin bohol, ke tura ruwa kai tsaye daga bohol zuwa tanki, na biyun yake buƙata. In aka sa na farko shi kaɗai, tanki ya cika, baki ya rufe, sumo na can ƙasa yana ta turawa ruwa ba inda za shi. Ko dai haɗin bututu ya ɓalle, ko injin ya yi zafi ya ƙone, tunda ruwan da ke wucewa ne ke sanyaya shi. Na ciro sumo fiye da ɗaya da wannan ya kashe. Hajiya, in kika ce wa mutane su sayo gora su ɗaura ba ki raba musu biyun nan ba, wani zai yi asarar da ta ninka kuɗin fulota sau da yawa.

Malamin Hausa:
Kun gani ko? Hana-tumbatsa ya rufe duka biyun, tunda aikinsu ɗaya.

Injiniyan Bohol:
Malam, ai abin da nake gudu ke nan. Sunan da ya rufe duka biyun shi zai ƙona wa mutane inji.

Ɗan Kabawa:
Goran toshe da goran wuta.

Fulamban Badariya:
Goran wuta kuma? Wani zai zaci tukunyar gas ake nufi. Ni dai mai waya muke ce masa a wurin aiki. Fulota mai waya.

Mai Shirin Asabar:
To ga abin da na rubuta, kuma da shi zan shiga gobe in Allah ya kai mu. Farkon ambato zan ce "goran tanki, wanda masu kayan famfo ke kira fulota", daga nan in ci gaba da gora, sandan gora, bakin gora. Na biyun zan ce "mai waya, wanda ke kashe inji da kansa", in kuma ja kunne sau biyu cewa mai sumo kada ya ɗaura gora shi kaɗai. Matakan da Malam mai gyara ya jero zan bi su yadda suke. Allah gafarta Malam, ka yi haƙuri, na gwada faɗin hana-tumbatsa sau uku a jere harshena ya sarƙe.

Malamin Hausa:
Shirinki ne. Ni a ajina hana-tumbatsa zan koyar, lokaci zai raba mu. Amma ki rubuta goran da n, kada wani ya sake kawo mana gorar.

Bakano A Kebbi:
Na ji dai.

Fulamban Badariya:
Ki ƙara musu da cewa kada kowa ya hau ƙarfen tanki da jiƙaƙƙen silifa, kuma a kashe wuta daga babban makunni kafin a taɓa mai waya. Tankin lita 1,000 in ya cika nauyin ruwansa kawai tan guda ne, in ƙarfen ya yi tsatsa ba wurin jingina ba ne. In za a mayar da fulota kuma a naɗa farin tef ɗin nan a kan zaren bututu, ta hannun da ake ɗaurewa, in ba haka ba zai warware ya yi yoyo.

Mai Shirin Asabar:
Na rubuta, Allah ya saka. Af, shi farin tef ɗin kuma me za mu ce masa?

Malamin Hausa:
Hana-yoyo.