Wa ya taɓa zuwa Fushimi Inari a Kyoto, ƙasar Japan?

Sabon ɗalibi a Osaka: Salam 'yan uwa. Malaminmu zai kai mu Fushimi Inari sati mai zuwa, ni kuma gaskiya raina bai kwanta ba tunda wurin bautar Japanawa ne. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni haske.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Na je bara. Daga tashar Kyoto jirgin layin Nara za ka hau, tasha ta biyu ita ce Inari, kana fitowa ga ƙofar nan a gabanka, ba a biyan ko sisi kuma a buɗe yake dare da rana. Inari shi ne abin bautarsu na shinkafa da albarkar kasuwanci, tun shekarar 711 aka kafa wurin. Za ka ga gumakan wata dabba kamar dila ko'ina, kitsune, wai 'yan aiken Inari ne, wasu da mabuɗin rumbu a baki. Mabuɗin nan ya tsaya min a rai, nan take na tuna rumbun gidanmu.

Maman Khadija: Ƙanina ni ma irin tunanin nan na yi. Su idan sun isa gaba sai su jefa kwabo, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. Ni na tsaya gefe na ce wa ƙawata addinina bai yarda ba, ta ce ba komai, wallahi ko kallona babu wanda ya yi duk da hijabina. Ka faɗa wa malaminka tun kafin ku tafi, ya fi sauƙi.

Ɗan Zinder: Ni jajayen ƙofofin nan ne suka tsaya min a rai, torii, dubbai a jere har kan dutse kamar kana cikin rami, sai da muka juyo na lura duk bayansu rubutu ne, ashe sunayen kamfanoni da mutanen da suka biya kuɗin kafa su ne da kwanan wata. Mun kai Yotsutsuji inda ake hango garin Kyoto muka huta, hawa da sauka ya ci mana kusan awa uku. Ka sa takalmi mai daɗi, kuma abincin bakin hanya ka tambaya, suna yawan sa mirin wanda akwai giya a ciki.

Sabon ɗalibi a Osaka: Na gode ƙwarai. Yaya, azahar fa, a ina kuka yi?

Maman Khadija: Da sassafe muka je, kafin azahar mun koma cikin gari.