Amurka ta yi mulkin mallaka ko ba ta yi ba? Muhawara kan yaƙin 1898

Baban Yara: Assalamu alaikum. Jiya bayan Isha'i na ce duk laifin da za a ɗora wa Amurka, ba za a sa ta sahu ɗaya da Ingila da Faransa wajen mulkin mallaka ba, sai aka yi mini ca. Ina nan kan bakana. Ita kanta da yaƙi ta ƙwaci kanta daga hannun Ingila. Da ta auka wa Sifaniya a 1898 kuwa, ceton mutanen Kuba ta je yi. Tun 1895 suke gwagwarmaya da mulkin Sifaniya, Janar Weyler na Sifaniya ya kwashe mutanen ƙauyuka ya cusa su a sansanoni, yunwa da cuta suka yi ta ɗibarsu. Kafin a fara yaƙin majalisar Amurka ta rubuta cewa ba za ta haɗiye Kuba ba, kuma ranar 20 ga Mayu 1902 ta miƙa musu mulkinsu. Wace ƙasar Turai ce ta taɓa yin haka?

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka faɗa kan Weyler gaskiya ne, kuma Amurkawa da yawa tausayi ne ya motsa su. Sai dai ka tsaya a Kuba, alhali yaƙin bai tsaya can ba. Babban karon farko ma a mashigin Manila, a ƙasar Filifin da Sifaniya ke mulka, aka yi shi, ranar 1 ga Mayu 1898, inda Dewey, kwamandan jiragen yaƙin Amurka, ya tarwatsa jiragen yaƙin Sifaniya. Ina Manila, ina Kuba? A lokacin mutanen Filifin na yaƙin neman 'yancinsu ƙarƙashin Emilio Aguinaldo, har sun shelanta 'yancin kai ranar 12 ga Yuni. Da aka karɓi birnin Manila a watan Agusta, sojojin Amurka suka hana su shiga. Sannan aka zauna a Faris ranar 10 ga Disamba, Sifaniya ta sallama Puerto Rico da Guam da Filifin, Amurka ta ba ta dala miliyan 20. Babu ɗan Filifin ko ɗaya da aka ba kujera a zaman. A sayi ƙasa da mutanenta a ciki, ba a tambaye su ba. Alhaji, da wane suna za mu kira wannan?

Ɗan Kurmi: Malama, bari in ƙara ta fuskar kasuwa, don nan na fi ganewa. A wannan zamanin Amurka ta riga ta wuce Ingila wajen ƙera ƙarfe, masana'antu na fitar da kayan da suka fi ƙarfin masu saye na gida. Ga karayar tattalin arzikin 1893 da ta rufe bankuna da kamfanoni, ta zubar da ma'aikata a titi. Mai kaya in kasuwar garinsu ta cika, wata yake nema. Idonsu na kan Sin, jirgin ruwa na lokacin kuma da gawayin kwal yake tafiya, dole sai da zango a hanya. Duba taswira: Hawai, Guam, Manila, a jere suke kamar zangunan fatake. Hawai ɗin ma, attajiran rake ne suka kifar da Sarauniya Liliuokalani a 1893 da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, aka haɗe tsibiran a Yulin 1898, ana tsakiyar wannan yaƙi.

Baban Yara: To jirgin Maine fa? An tarwatsa wa Amurkawa jirgin yaƙi a tashar Habana ta Kuba ranar 15 ga Fabrairu 1898, mutum sama da 260 suka mutu. Sai su naɗe hannu?

Autan Zaure: Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Ba a taɓa tabbatar da cewa Sifaniya ce ta tarwatsa shi ba. Jaridun Amurka na Hearst da Pulitzer ne suka yi ta kururuta maganar, suna gasar sayar da jarida. A 1976 binciken da Admiral Rickover na sojojin ruwan Amurka ya jagoranta ya karkata ga cewa fashewar daga cikin jirgin ta taso, mai yiwuwa wuta ce ta kama a ma'ajiyar kwal da ke kusa da albarusai.

Injiniya: Ni ina tare da Alhaji ta wani ɓangare. Ban musa cewa sun mulki Filifin ba, amma mulki suna ya tara. A 1901 sun aika jirgi guda ɗauke da malaman makaranta wajen 500. A 1907 mutanen Filifin sun zaɓi majalisarsu. A 1934 aka yi doka da ta sa wa'adin ba su 'yanci, aka kuma cika a 4 ga Yuli 1946, shekara 14 kafin Najeriya da Nijar. Kuma a cikin gida ma ba baki ɗaya suka yarda ba. Andrew Carnegie, sarkin ƙarfe da kansa, da tsohon shugaba Grover Cleveland sun shiga ƙungiyar masu adawa da mallakar ƙasashe. Yarjejeniyar Faris da kyar ta sha a Majalisar Dattawa, 57 da 27, alhali sai da kashi biyu bisa uku. Da mutum biyu sun juya, da ta faɗi.

Malamar Tarihi: Injiniya, kafin malaman makaranta su sauka, sojoji ne suka riga su. Ranar 4 ga Fabrairu 1899, kwana biyu kafin wannan ƙuri'ar da ka ambata, yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da mutanen Filifin da aka ce an je ceto. Sojojin Amurka sama da 4,000 suka mutu, mayaƙan Filifin wajen 20,000, fararen hula kuwa aƙalla 200,000, da harsashi da yunwa da annoba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na lardin Batangas. Janar Bell ya tattara mutanen ƙauyuka a sansanoni, cuta ta bi su, wato ainihin abin da aka zagi Weyler a kansa shekara biyar kafin nan. A tsibirin Samar, Janar Jacob Smith ya ba da umurnin a kashe duk wanda ya kai shekara goma zuwa sama. Yaro ɗan shekara goma, wanda a wurinmu yana riƙe da allo! An gurfanar da shi a kotun soja, hukuncinsa dai bai wuce tilasta masa ajiye aiki ba.

Akwai kuma Musulmin kudancin Filifin, waɗanda ake kira Moro. A 1899 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Sarkin Sulu, ta amince da sarautarsa da addinin jama'arsa. Da ta gama da arewacin Filifin sai ta soke yarjejeniyar a 1904. A watan Maris 1906 sojojinta suka hau dutsen Bud Dajo, inda jama'a suka fake a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, suka kashe ɗaruruwa, har da mata da yara. A wannan watan, wannan shekarar, Turawan Ingila suka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato. Su ma da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 cewa suka yi hana cinikin bayi ya kawo su. Idan muka kira namu mulkin mallaka, ban ga dalilin da zai sa mu nema wa nasu wani suna ba.

Injiniya: Na Bud Dajo ba ni da ta cewa, Malama. Abin da nake karewa kawai shi ne sun sa ranar tafiya kuma sun tafi.

Ɗan Kurmi: Sun tafi, amma sun bar sansanonin soja, Clark da Subic, har farkon shekarun 1990. Wa'adin 1934 ɗin ma akwai hannun manoman Amurka a ciki, waɗanda sukari da man kwakwa na Filifin ke karya wa farashi saboda ba a biya musu kuɗin fito.

Baban Yara: Gaskiya ban san labarin Moro ba sai yau, kuma ya taɓa ni. Kan Filifin na janye, mulkin mallaka ne. Amma Kuba ban janye ba. Sun yi alkawari, sun cika.

Malamar Tarihi: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Sun sauke tutarsu, haka ne. Amma kafin su sauke sai da suka sa mutanen Kuba suka rubuta sharuɗɗan Sanata Platt cikin kundin tsarin mulkinsu a 1901: Amurka na da ikon shigo da soja idan ta ga hali ya yi, kuma dole a ba ta wurin ajiye jiragen yaƙi. Ta kuwa dawo a 1906, ta zauna har 1909. Tun ranar da Sifaniyawa suka miƙa wuya a Santiago a Yulin 1898 ma, ba a bar Janar Calixto García na 'yan gwagwarmayar Kuba da mayaƙansa sun shiga garin ba, bayan shekarun da suka yi a daji.

Baban Yara: Amma ai na ji an soke waɗannan sharuɗɗan daga baya.

Malamar Tarihi: An soke su a 1934, ban da maganar wurin jiragen. Shi ne Guantanamo, wanda aka ba da haya a 1903 kan dala 2,000 na zinariya a shekara, kuma har yau sojojin Amurka na can. Puerto Rico ma tana hannunsu. An ba mutanenta shaidar zama 'yan ƙasa a 1917, amma wanda ke zaune a tsibirin ba ya jefa ƙuri'a a babban zaɓen shugaban ƙasa.